Daga Luksambag zuwa Bolonya, a bin sawun masu harsuna da yawa

Zumunci ne ya kai ni Luksambag. Ƙanwata da maigidanta sun daɗe a can, kuma ta ishe ni da gorin cewa 'yarta za ta gama firamare ba ta san kawunta ba sai ta waya. To, mai neman kuka aka jefa da kashin awaki. Tun kafin biza ta fito na baje taswira, na ga ashe daga can jirgin ƙasa zai ratsa Suwizalan da ni ya sauke ni a Bolonya ta Italiya, garin da na daɗe ina son in taka saboda mutum ɗaya da ya bar duniya tun 1849. Sunansa Giuseppe Mezzofanti, ɗan kafinta, wanda har yau in ana lissafin gwanayen harsuna da shi ake buɗe fage.

Ni mutum ne mai kwaɗayin harsuna. In na ji wani ya juya daga wannan yare zuwa wancan ko yawu bai haɗiye ba, sai in ji kamar in bi shi har gida. Bidiyoyin nan na YouTube da wani saurayi zai tare baƙi a titi ya yi musu yarensu su saki baki, na kalla ba adadi. Alhali abin da ke bakina bai taka kara ya karya ba: Hausa da Turanci, Larabcin karatu wanda ba ya fita hira, Faransancin da na koya da girmana, sai Italiyanci da na fara taɓawa saboda wannan tafiyar.

Luksambag 'yar mitsitsiyar ƙasa ce, mutanenta wajen 670,000, kusan rabinsu baƙi. Kowace safiya kuma ma'aikata fiye da 200,000 ke tsallako iyaka daga Faransa da Beljiyam da Jamus, su koma da yamma. Dokar 1984 ce ta raba wa harsuna uku aiki: harshen Luksambag shi ne na ƙasa, da Faransanci ake rubuta doka, a ofis kuwa kana iya zuwa da ɗaya cikin biyun nan ko Jamusanci. Sai ka ga 'yan majalisa sun yi muhawara da harshensu, dokar ta fito da Faransanci, washegari jarida ta ba da labarin da Jamusanci.

Duk wannan na san shi a takarda. Gani ya kori ji ranar da na zauna kusa da 'yar ƙanwata, yarinya 'yar shekara goma, tana aikin gida a teburin falo. Littafin lissafinta da Jamusanci yake, domin da shi ake koya wa yara karatu da rubutu a firamare. Tana ƙirga ƙasa-ƙasa, leɓɓanta na motsi, sai na ga ta rubuta 7 tukuna, sannan ta dawo ta sa 4 a gabansa. Na tambayi dalili, ta ce ai a Jamusanci bakwai ake fara faɗa kafin arba'in, hannunta bakinta yake bi. In ta shiga sakandare lissafin zai koma Faransanci, inda 97 sai an ce ashirin sau huɗu da goma sha bakwai.

Ana cikin haka ƙawarta ta kira, ta ɗaga waya ta shiga zuba harshen Luksambag. Maƙwabciyarsu 'yar Fotugal ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta tashi ta tarbe ta da Faransanci. Uwarta ta ƙwala mata kira daga ɗaki da Hausa, ta amsa da Hausa. Ta dawo ta zauna ta ci gaba daga inda ta tsaya.

"Ke kuwa yare nawa kike ji?"

Ta ɗan juya fensir. "Kawu, na makaranta kake nufi ko na wasa?"

Sai ta lissafa mini. Jamusanci na ƙirga ne da jarrabawa. Na Luksambag na wasa ne da faɗa. Faransanci na bas da littattafan labari. Hausa ta gida ce, "musamman in Mama ta yi fushi." Turanci a bidiyo ta tsince shi, ba a fara koya musu ba. Harshen da ta fi sakewa a cikinsa shi ne wanda ba ta da tabbas a rubutunsa, wanda ta fi iya rubutawa kuwa ba ta taɓa yin faɗa da kowa da shi ba.

Da dare na yi ta yaba tsarin. Maigidan ƙanwata ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yaya, waɗanda suka haye kake gani." Ya ce in dubi yaran 'yan Fotugal, waɗanda su ne baƙi mafi yawa a ƙasar. Yaro ya tashi da harshen Fotugal a gida, yana shekara huɗu a kai shi makaranta a yi masa na Luksambag, yana shida a damƙa masa fensir da Jamusanci, kafin ya farfaɗo Faransanci ya hau kai. Ya faɗi lissafi a ce ba shi da ƙoƙari, alhali tambayar ce bai gane ba. Hukuma ta san da matsalar, shi ya sa tun 2022 aka fara gwajin barin wasu yara su fara karatu da rubutu da Faransanci a makarantu huɗu. Wannan bai rage mini sha'awa ba. Amma maganar nan da ake yi cewa yaro ba ya shan wahalar koyon yare, ni dai ban yarda da ita ba. Yana sha, ba shi dai da inda zai kai ƙara.

Daga Luksambag, hanyar zuwa Basel a Suwizalan ta Metz da Strasbourg take bi. Strasbourg tasharta kawai na gani, amma duk mai koyon yare yana ɗauke da kayan garin ko bai sani ba. A nan Majalisar Ƙasashen Turai take, wadda daban take da Tarayyar Turai, kuma ita ce a 2001 ta fitar da ma'aunin iya harshe mai hawa shida, A1 zuwa C2. Abin da yake burge ni da ma'aunin shi ne abin da za ka iya yi yake tambaya. Za ka iya gabatar da kanka? Za ka iya fid da kanka in tafiya ta cakuɗe? Za ka iya doguwar hira da ɗan gari ba tare da ya gaji da kai ba? Sannan ji daban, magana daban, karatu daban, rubutu daban. Ni da na ɗora Faransancina a kai, karatun ya ba maganar rata mai nisa.

A Biel/Bienne na yada zango kaɗan, garin da sunansa ma biyu ne a allon tasha, haka kowane titi. A wani benci na bakin tafki na saurari dattawa biyu, ɗaya na magana da Jamusancin Suwizalan, ɗayan na mayar masa da Faransanci. Ba wanda ya canja, ba wanda ya ce a maimaita masa. Na wuce Jeniba.

A Jeniba na bi ayarin masu ziyara zuwa Palais des Nations, ginin da aka yi wa tsohuwar ƙungiyar ƙasashe kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda yanzu ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ne. Da aka shigar da mu zauren taro kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar rufi, ni kuwa idona na kan 'yan ɗakunan gilashin da ke jere a gefe, kowane da kujeru da makirufo. Harsuna shida ake aiki da su: Turanci, Faransanci, Sifaniyanci, Rashanci, Sinanci, da Larabci wanda ya shigo a 1973. A da, mai jawabi yakan yi magana ya tsaya, tafinta ya duba 'yan alamomin da ya rubuta ya maimaita, taron awa ɗaya ya ci biyu ko uku. Shari'ar manyan 'yan Nazi a Nuremberg, wadda aka fara a 1945 da harsuna huɗu, ita ta nuna wa duniya ana iya fassara a lokacin da ake maganar. Kamfanin IBM ya ja wayoyin, aka sa fitilu biyu a gaban mai magana: rawaya ya rage gudu, ja ya tsaya. Har yau aikin yana cin ƙwaƙwalwa ta yadda ba a barin mutum ɗaya a ɗaki. Kusan kowane rabin awa sai ya miƙa wa na kusa da shi.

Wani abokin aikin surukina ne ya haɗa ni da wata dattijuwa da ta yi ritaya daga ɗakin Faransanci. Muka haɗu a bakin tafki, ga ruwan nan da ake cillawa sama yana fesowa in iska ta juya.

"Madam, harsuna nawa kike ji?"

Ta yi dariya, ta ce ba wanda ya taɓa jin sana'arta bai yi mata wannan tambayar ba. "Ɗaya ne nawa. Sauran ukun saurarensu nake yi."

Ta bayyana mini cewa a wajensu harsuna aji uku ne. A shi ne na uwa, cikinsa kake zuba fassara. B wanda ka ƙware har kana iya mayar da magana cikinsa. C kuwa kana fahimtarsa sarai, ko da mai maganar na gudu ko yana barkwanci, amma ba ka buɗe baki da shi a makirufo. Rashancinta duk tsawon aikinta a C ya zauna. "In ka aike ni a Masko zan dawo da abin da ka ce, amma kowa zai san baƙuwa ce."

Ta zo mini da ɗaya cikin tsofaffin littattafanta, mai baƙin bango, gefensa duk ya naɗe. Kowane shafi an raba shi gida uku da rula: Rashanci, Turanci, Faransanci. Na buɗe tsakiya na tarar da sassan birkin tirela ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan zanen da ta yi da fensir don ta san wane ƙarfe ke taɓa wane. Taron masana ƙa'idojin motoci ne, in ji ta, irin wanda ake yi a Jeniba, kuma ta raba dare tana shirya masa. Bayan mako guda rabin kalmomin sun tashi daga kanta, ta buɗe sabon shafi na cututtukan dabbobi.

Na tambaye ta yadda take riƙe su. Ba wani sirri. Kowace safiya jarida a kowane harshe, ko da shafi ɗaya ne. Sannan ta kunna labarai ta riƙa bin mai karantawa da baki, rabin jimla a bayansa, har da inda yake ja da inda yake numfashi. Yanzu da ta ajiye aiki ma ba ta daina ba, domin in ta bar Rashanci wata guda sai ta ji ya fara yi mata nauyi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta ce ɗaliban da ta ga sun faɗi a wannan sana'a, galibi harshensu na uwa ne ya kayar da su. "Sun zaci wanda suka sha a nono ba ya bukatar gyara." Sai na ga ashe abin kiwo ne: mai wucewa yawan garke yake yabawa, mai shi ne ya san wahalar kai su mashaya kullum.

Ita ce kuma ta ɗauko zancen Kató Lomb, 'yar ƙasar Hangari da aka haifa a 1909 ta rasu a 2003, tana cikin tafintocin farko masu fassarar nan take. Karatun kimiyya ta yi, da girmanta ta shiga harsuna, ta ci abinci da goma sha shida. Rashanci a lokacin yaƙi ta koye shi daga littafin labari, tana tafiya a cikinsa ba tare da tsayawa kan kowace kalma ba, tana ƙago ma'ana daga abin da ke kewaye, tana cike gefen shafi da fensir. A ganinta abin da ya fi kashe mai koyo shi ne kunyar yin kuskure. Ita ma ba ta taɓa cewa sha shidan nan daidai suke a bakinta ba.

Daga Jeniba na ratsa ƙasar zuwa gabas. A wajen Fribourg, inda kogin Sarine ya raba, kwandastan da ya duba tikitina da Faransanci ya dawo yana gaishe da mutane da Jamusanci. A Chur na shiga jan jirgin nan mai hawa duwatsu, na fara jin sanarwa da harshen ƙasar na huɗu bayan Jamusanci da Faransanci da Italiyanci, wato Romansh, wanda masu shi ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba. A 1938 aka jefa ƙuri'a, fiye da kashi 90 cikin 100 suka yarda ya zama harshen ƙasa. Duk ƙanƙantarsa kashi biyar ne, kowane kwari da rubutunsa. A 1982 wani malamin jami'a, Heinrich Schmid, ya haɗa musu rubutu ɗaya na bai ɗaya, ƙauyuka da yawa suka ce ba su san zancen ba, har wasu makarantun da suka karɓa suka koma nasu. Mutumin da ya kafa makarantar tafintoci ta Jeniba a 1941, Antoine Velleman, a wannan yankin ya fara, yana shugaban wata makaranta a Zuoz, kuma baƙon nan ne ya zauna ya rubuta nahawun Romansh na kwarin.

A kujerar da ke fuskantata akwai wata ɗaliba. Jirgi na hawa, ga dusar ƙanƙara, ga tafkin Lago Bianco, mun kai Ospizio Bernina mai tsayin mita 2,253, kowa ya manne da taga, ita kanta na sunkuye a waya. Na leƙa. Wani harafin Japananci zai fito shi kaɗai a allo, ta lumshe ido ta yi gunaguni, ta taɓa, amsa ta bayyana, sannan ta zaɓi ɗaya cikin maɓallai huɗu gwargwadon yadda ta tuna. Wanda ta sani ya ɓace sai bayan kwanaki, in ta sake saninsa sai makonni, daga nan watanni. Wanda ya kuɓuce mata ya dawo cikin 'yan mintoci. Manhajar Anki ce, wadda ta fito a 2006, amma tunanin ya girme ta nesa ba kusa ba. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa da haddar gaɓoɓi marasa ma'ana, ya nuna mantuwa ta fi ɓarna a sa'o'in farko, kuma tishin da aka ba tazara ya fi wanda aka danƙara a zama ɗaya. A 1972 Sebastian Leitner ya mayar da abin akwatin kwali mai gida biyar: katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ka faɗi ya koma gidan farko.

Na ce mata dutsen nan fa ba zai jira ta ba. Ta ce katunan ma ba sa jira, in ta bar na yau gobe su ninka. Ba ta yi ƙarya ba, domin harshen da ta ɗauko ba na wasa ba ne. Makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta taɓa ƙiyasta wa mai Turanci awa 600 zuwa 750 na aji a Italiyanci ko Faransanci, amma Japananci da Larabci da Sinanci da Koriyanci awa 2,200.

A ɗaya gefen taragon akwai miji da mata 'yan Japan suna fama da ɗaukar kansu hoto. Na tambaye ta ko ta taɓa yin hira da ɗan Japan. Ta ce ba tukuna, fuskarta ta yi ja. Mun fara gangarawa Poschiavo, inda allunan suka koma Italiyanci, sai na ga ta ajiye waya, ta yi ta motsa leɓe ita kaɗai, sannan ta miƙe ta ce musu wani abu. Suka yi ta sunkuyawa, suka miƙa mata kyamara, matar ta sako mata magana ba birki. Ta dawo tana haki. Na ce me suka ce? Ta ce farkon kawai ta kama. Ta ɗauki waya ta fara rubuta sababbin katuna. A ganina mintoci biyun nan sun yi mata abin da katunan wata guda ba za su yi ba, amma kuma ba don katunan ba da ba ta sami abin miƙewa da shi ba.

Tirano, Milan, sai Bolonya. Gari ne mai jan bulo da barandu, titunan tsohon birni kusan duk rufe suke, wajen kilomita 40. Jami'arsa daga 1088 take ƙirga shekarunta. Na nufi Archiginnasio, ginin da aka gama a 1563 ya zama mazaunin jami'ar, yanzu kuma ɗakin karatu ne. Bangonsa da rufinsa cike suke da tambarin ɗalibai da malamai wajen 6,000, da sunayen ƙasashen da suka fito.

A wannan garin aka haifi Mezzofanti a 1774. Yana da shekara 23 ya zama fada na Katolika kuma malamin Larabci a jami'a, ba da daɗewa ba ya rasa kujerar don ya ƙi yin rantsuwar biyayya ga gwamnatin da Faransawa suka kafa. Bai taɓa fita Italiya ba. Harsunan ne suka riƙa zuwa inda yake, shi kuma bai bar ko ɗaya ya wuce ba. Sifaniyanci ya same shi wajen limaman Jesuit da aka koro daga Sifaniya da yankunanta suka zauna a Bolonya. Da yaƙe-yaƙen zamanin Napoleon suka cika asibitocin garin da sojojin Ostiriya, 'yan Hangari da 'yan ƙasashen Silab na gabashin Turai da Jamusawa, sai ya riƙa zama a bakin gadonsu yana koyon harsunansu don ya ji furucinsu na ƙarshe. Masu masauki sukan aika masa in baƙo ya sauka, ya je ya zauna da shi yana tambaya yana rubutawa. Mawaƙin Ingila Byron ya gwada shi da ashar a duk yaren da ya sani, ya ce mutumin ya ƙure shi har a Turancinsa. A 1831 ya koma Rum, ya riƙe ɗakin karatun Batikan, ya zama kadinal, wato ɗaya daga manyan limaman da ke ƙasa da Fafaroma, a 1838, kuma kusan kullum yana wajen ɗaliban da aka kawo daga sassan duniya yana hira da kowa da yarensa.

Nawa ya ji? Wani fada ɗan Ayalan, Charles Russell, ya bi diddigin waɗanda suka yi magana da shi ya wallafa a 1858. Jimillar ta haura 70, amma ya jera su hawa-hawa: 30 ne aka sha gwada shi a kansu aka tabbatar da ƙwarewa, wasu yana yi ba sosai ba, wasu 'yan jimloli ne, wasu a littafi kawai ya san su. Masu yaɗa labarinsa babban adadin suke ɗauka su bar jerin.

Takardunsa suna sashen rubuce-rubucen hannu. Na cika takarda na jira, wata ma'aikaciya ta kawo akwati ta ajiye a gabana. A ciki akwai ƙunshi-ƙunshi na 'yan tsage-tsagen takarda, kowace ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, tsufa ya dafa su. Kalma ɗaya a gaba, ma'anarta a baya. Wani mai bincike Ba'amurke, Michael Erard, shi ya fito da labarinsu fili a 2012: akwai na Larabci, na harshen Hangari, na Jojiya, har da na Algonkin, harshen wasu 'yan asalin Amurka ta Arewa. Na ɗaga ɗaya a hankali na juya. Abin da ɗalibar jirgi take yi da babban yatsa shi wannan bawan Allah yake yi da almakashi da tawada, kuma ya mutu tun ba a haifi Ebbinghaus ba.

Ba zan ce kowa zai iya zama shi ba. Masu sayar da darussa a intanet ne ke faɗar haka. Allah ya ba shi kunne da ƙwaƙwalwa irin waɗanda ba kowa yake ba wa ba. Amma ganin ƙunshin nan ya ƙara masa girma a idona, domin mutumin da duniya ke zuwa kallo shi ma yana mantuwa, yana kuma zama shi kaɗai ya yi tishi. Zargin da aka fi yi masa shi ne bai bar wani babban littafi ba, har an ruwaito shi da kansa yana kiran kansa ƙamus da ba a ɗinke da kyau ba. Irin wannan zargi har yau ana yi wa masu harsuna da yawa, a ce yawan baki ne babu zurfi. Ni ban ga haka ba. Sojan da ke cikawa a ƙasar da ba tasa ba, ya ɗaga ido ya ga mai jin maganarsa, ba littafi yake nema ba.

Da na fito hadari ya haɗu. A bakin Piazza Maggiore, daidai inda rufin baranda ya ƙare, wani ɗan Senegal na tsaye da lemomi rataye a hannu. Muka gaisa da Faransanci, na tsokane shi na ce wa ya aike shi sayar da lema a garin da titunansa ke rufe. Ya ce shi ya sa yake tsayawa inda rufin ya ƙare. Muna magana yana jefa wa masu wucewa kira, wannan da Sifaniyanci, wancan da Turanci, wasu tsofaffi da Jamusanci, kuma bai cika kuskuren wa zai yi wa wanne ba. Ya ce daga takalmi yake ganewa.

Wolof da Fulatanci da su ya tashi, Larabci da Faransanci na makaranta ne, Sifaniyanci a gonakin Almeriya ya same shi, Italiyanci a nan. Yadda ya koya kuwa, a bas yakan karanta duk tallan da ya gani a fili, sannan ya nemi tsofaffin da ke zama a dandali, domin su ke da lokaci kuma ba sa gajiya da gyara wa mutum magana.

"Jamusancin fa?"

"Wannan na lema ne kawai, ɗan'uwa. Launi, ƙirga, ruwa na zuwa, na gode. In suka wuce nan sai murmushi."

Da ya ji ina taɓa Italiyanci sai ya ce daga yanzu babu Faransanci tsakaninmu, in ina son lema in saya da yaren gari. Na haɗa jimla da ƙyar. Ya sa na maimaita sunan launin har sai da ya gamsu da yadda na danna baƙin tsakiya, sannan ya miƙo mini ja. Ruwa ya sauko. Na kama Via dell'Indipendenza zuwa tasha, titin da barandarsa ba ta yanke ba sai dab da ƙarshe, na isa jirgin Milan lemar ko buɗe ta ban yi ba.